Wace boila za ka saya wa kamfanin shinkafa: mai cin buntu, mai shan dizal ko ta gwanjo?

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, tambayarsa ta farko kuɗi ce. Ni kuwa sai na fara tambayarsa me zai ƙona, kuma daga ina zai ɗebo ruwa. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, amma abin da tukunyar za ta ci kullum shi ne zai raba ka da riba ko ya bar maka ita.

Boila iri biyu ce a asali. Akwai wadda wuta ke bi ta cikin bututai, ruwa yana kewaye da su a cikin babbar ganga. Akwai kuma wadda ruwan ne ke cikin bututai, wuta tana lasarsu daga waje. Ta biyun ita ce ta manyan tashoshin lantarki, irin tashar Egbin da ke Ikorodu a Legas mai injina shida, kowane megawat 220, ko tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Tchirozérine a Nijar. Tana ɗaukar matsi mai tsanani, tana tayar da tururi da sauri, sai dai ba ta yafe ruwa marar kyau, kuma tana son ƙwararren ma'aikaci a kanta dare da rana. Mai turara shinkafa a Kura ko mai matse man gyaɗa a Sharaɗa ba ya buƙatar wannan jarumtar. Matsin ba 10 ("ba", wato bar, shi ne ma'aunin matsi) ya ishe shi, tururin yana fita da zafin kusan digiri 184, ya turara shanshera, ya kuma ciyar da na'urar busarwa. Mai ganga tana yin wannan cikin sauƙi, kuma da yake cikinta cike yake da ruwan zafi, idan aka buɗe wa tankunan turarawa tururi gaba ɗaya ba ta saurin sarewa. In ba kana da niyyar juya injin lantarki da tururin ba ne, kamar yadda kamfanin sukari na Numan ke yi da ɓawon rake, kada ka biya kuɗin matsin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne makamashi. Kafin ka mayar da tan ɗaya na ruwan sanyi tururi a ba 10, boila mai dizal za ta sha lita 80 zuwa 90. Ka ninka da kuɗin lita na yau, ka ninka da tan huɗu a awa, ka ninka da awoyin aiki, sai ka ga abin da ya sa wasu suka kafa irin wannan tukunyar suka rufe ta kafin shekara ta zagayo. Tan ɗin nan kuwa buntun shinkafa kilo 250 zuwa 300 ne zai tayar da shi. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, wato duk tan 100 da ka casa ya bar maka tan 20 a bayan kamfani, tsibin da da sai ka biya tifa ta kwashe. Ga mai kamfanin shinkafa lissafin a fili yake.

Amma buntu ba kyauta yake ci ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, tokar kuma yawancinta sinadarin yashi ce. Fankar da ke jan hayaƙi tana tafiya da ita da gudu, tana goge bakin bututai kamar ana bi da sanfefa, ta cinye fukafukan fankar kanta. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa kaurin bututan, ka tambaya ko an saka musu hular kariya a baki, kuma ko farashin ya haɗa da abin tace toka kafin bututun hayaƙi. In bai haɗa ba, maƙwabta ne za su tuna maka, ranar da matan unguwa suka shanya fararen kaya. Yawancin masu cin buntu da ake kawowa daga Indiya haɗin gambiza ne, murhun an kewaye shi da bututan ruwa, sannan hayaƙin ya wuce cikin ganga. Wannan tsarin ya fi dacewa da mu. Akwai mai shimfiɗar ƙarfe da ake zuba buntu a kai, mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara amma tana barin wani bai ƙone ba. Akwai mai gadon yashi da iska ke tafasa shi daga ƙasa, tana ƙonewa tas, sai dai fankokinta na cin lantarki sosai, ka sa wannan a lissafin janareto.

Mai dizal ko iskar gas tana da nata alheri, kada a zalunce ta. Ba ta cin fili, ba toka, danna maɓalli ta kama, kashe ta mutu nan take. Ga kamfanin lemo ko na madara ko asibiti, inda babu buntu kuma tsafta ce gaba, ita ce zaɓi. Wanda zai saye ta ya nemi mai bakin wuta biyu, dizal da iskar gas, domin an ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano tun 2020, kuma canza bakin wuta daga baya ya fi tsada. Baƙin mai ya fi dizal araha, amma sai an ɗumama shi kafin ya gudana, ga baƙin hayaƙi.

Akwai wani tarko a jikin takardar farashi. Za ka ga an rubuta tan 4 a awa, a gefe da ƙananan baƙaƙe an sa F&A 100°C. Ma'anarsa an auna ne da ruwan da ya riga ya tafasa, aka fitar da tururi ba tare da matsi ba. Kai kuwa ruwan tanki za ka ba ta mai digiri 30, ka nemi ba 10. Abin da za ka samu bai wuce tan 3.4 ba. Ba ha'inci ba ne, haka ake auna su, amma wanda bai sani ba sai ya sayi ƙarama yana zaton ta isa. Ka sa a rubuta maka abin da za ta bayar da zafin ruwanka da matsinka. Kada kuma tsoro ya sa ka sayi wadda ta ninka buƙatarka, domin babbar tukunya a kan ƙaramin aiki asarar wuta take yi.

Sai ruwa. Ka leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe tana aiki, za ka ga farin ƙanzo ya manne a gindinta. Shi ne ke taruwa a jikin bututan boila idan aka ba ta ruwan rijiyar burtsatse kai tsaye. Ƙanzon yana hana zafi ratsawa, ƙarfen ya yi ta gasuwa har ya kumbura ya tsage. Na taɓa buɗe wata tukunya a wani kamfani da ba ta cika shekara biyu ba, sai da muka sa kurfi da guduma. Na'urar tausasa ruwan tana nan a gefe sabuwa fil, an daina saya mata gishiri ne kawai, wai ana tsimi. Kai samfurin ruwanka ɗakin gwaji kafin ka sa hannu a kan komai, sakamakon ne zai faɗa maka girman na'urar tausasawar da za ka saya. Ka kuma sa bututun da zai dawo da ruwan tururin da ya huce daga na'urar busarwa, domin duk ƙarin digiri 6 a zafin ruwan shiga yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari na makamashi.

Ta gwanjo fa? Tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe ake yawo da tsofaffin tukwane, wasu kuma ana shigo da su na hannu daga Turai. A cikinsu akwai nagartattu, ƙirar Cochran ta Birtaniya ko Thermax ta Indiya da aka kula da su suna daɗewa. Amma sabon fenti ba shaida ba ne. Ka nemi farantin da ke jikinta mai ɗauke da shekarar ƙira da matsin da aka yarda mata, ka nemi takardunta, a auna kaurin ƙarfen da na'ura, a cika ta da ruwa a matsa har ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta kana tsaye. In mai ita ya fara cewa "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", ka yi masa sallama cikin mutunci. Wadda mai walda ya haɗa da tsohuwar tankin mota kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Ruwan da ke cikin ganga a ba 10 ya wuce zafin tafasa nesa, ranar da ta tsage wani ɓangarensa ke rikiɗewa ya zama tururi lokaci guda. Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta wa mai boila ya sa sufeton da Ma'aikatar Ƙwadago ta amince da shi ya riƙa duba ta, kuma kamfanin inshora zai nemi wannan takardar.

Abu na ƙarshe da masu kawo kaya daga waje kan manta da shi shi ne ɗaukewar wuta. Mai dizal tana mutuwa tare da lantarki. Mai buntu kuwa famfon ruwa ya tsaya, amma garwashin murhu da bulon da ya yi ja suna ci gaba da dafa ruwan da ya rage, gilashin ganin ruwa yana sauka a gaban idon ma'aikaci. Don haka a cikin cinikin ka sa famfon ruwa biyu, bawul ɗin kariya biyu, ƙararrawar ƙarancin ruwa, da layin janareto da zai kama famfon kafin komai na kamfanin. Ka tambayi dillalin kuma ko yana da gilashin da gasket da bututai a ajiye a Kano ko Legas, ko sai an jira jirgin ruwa.