Gargaɗi ga masu a-kori-kura mai fowil: ana sayar da makullin tayar gaba na jabu a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu mota. Akwai wani mutum da ke tallar makullin tayar gaba, wanda makanikai ke kira hob, a Facebook da WhatsApp. Ni ya ci kuɗina har sau biyu, kuma makon jiya na ga ya dawo da sabon shafi. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Tsohuwar Hilux gare ni mai shan fetur, ina ɗaukar gero da kanwa tsakanin Gashuwa da ƙauyukan arewacin Yusufari. Duk wanda ya san wajen ya san ba a shigarsa sai da fowil, wato giyar da ke sa tayu huɗu duka su ja. Matsalar motata ita ce tayun gaba a ɗaure suke dindindin da shaf, wato sandan ƙarfen da ke kai musu ƙarfin injin, ko a kan kwalta nake kayan gaba na ta juyi a banza. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake son in sa mata makullin hannu, irin mai ɗan murfin nan da ake murɗawa. Ka kai shi FREE, taya ta rabu da shaf ta yi juyinta ita kaɗai. Ka kai shi LOCK, ta haɗe, sannan ka ja ƙaramin giya zuwa H4 (fowil na gudu) ko L4 (fowil na ƙarfi).

Ana haka na ci karo da bidiyon mutumin. Kwali fes, ƙarfe na sheƙi, yana cewa "Aisin Warn ne, gangariya, ƙirar Japan", wai yana shiga kowace mota, Hilux da Land Cruiser da Nissan da L200, kuma zai rage shan mai da rabi. Ƙarya uku ke nan a numfashi ɗaya, amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido. Aisin kamfanin Japan ne, shi ke yi wa Toyota makullin da take fitowa da shi. Warn kuwa na Amurka ne, Arthur Warn ya kafa shi a 1948 yana ƙera wa motocin Jeep da suka saura daga yaƙin duniya na biyu irin wannan makulli. Kamfanoni biyu ne daban-daban.

Ya ce naira 120,000 guda biyu, har da kuɗin mota. Na ce zan aiko yaro shagonsa ya gani, sai ya ce shagon na gyara, kaya suna sito. Na tura kuɗi, sunan da ke kan asusun ma daban yake da na shafin, ya ce na ƙaninsa ne. Bayan kwana huɗu kaya suka iso tasha.

Makanikena na buɗewa ya ƙirga haƙoran ciki, ya ce, "Oga, wannan ba na motarka ba ne." Nan ne ƙaryar "kowace mota" ta fito fili. Bakin shaf yana da haƙora, kuma dole yawansu ya yi daidai da na cikin makullin. Hilux mai gadar gaba sanda guda, da Land Cruiser a-kori-kura, haƙora 30 gare su. Irin tawa, wadda kowace tayar gaba ke lotsawa ita kaɗai, 26 ne. Na Nissan da Mitsubishi kuma nasu daban. Masu Hilux Vigo, wadda ta fara fitowa a 2004, ku ma ku ji: gabanta ba a yi shi da gurbin ɗaura wannan abu ba, sai an sauya wasu kayan. Duk wanda ya ce noti shida kawai za ka kwance ka ɗaura, kuɗinka yake so.

Na kira shi. Wallahi bakinsa kamar zuma: "Haba Alhaji, kuskuren yara ne, mayar mini da su." Amma wai mai haƙora 26 ya fi wuyar samu, sai na cika 25,000. Da na riga na zuba 120,000, sai na ga gara in cika. Wannan karon ya shiga daidai, na ce alhamdulillahi.

Kwana tara ya yi. Ina ɗauke da buhunan kanwa a kan hanyar dawowa, na sa L4 zan haye wani tudun rairayi, sai na ji ƙas daga tayar hagu. Mota ta fara tona da tayun baya har ta zauna a kan cikinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in makulli ɗaya ya saki, gaban gaba ɗaya ya tashi aiki, domin ƙarfin injin zai bi ta ɓangaren da ya saki ya zube a can, ɗaya tayar ba ta samun komai. Sai ka ga fitilar fowil na ci a gabanka, alhali taya biyu ke ja. Mu uku muka sauke kaya, muka sassauta iskar taya, muka yi ta haƙa da shebur tun la'asar, sai da wata Land Cruiser ta zo bayan isha ta fizge mu. Da mara lafiya na ɗauko fa?

Da aka kwance, haƙoran ciki sun guntule kamar an tauna su, garin ƙarfe ya cakuɗe da giris. Makanike ya ɗauko tsohon na Aisin da aka cire daga wata mota ya ɗora mini a tafin hannu ɗaya, nawa a ɗayan. Nauyin ma ba ɗaya ba. Ya goga zarto a kan haƙorin jabun, ya ci shi kamar sabulu. Robar da ke tare ƙura da ruwa ma babu ita. Batun rage mai da rabi kuwa, a kwana taran nan ban ga wani bambancin a zo a gani ba. Ko na gaske ɗan kaɗan yake ragewa, babban amfaninsa hutar da kayan gaba ne.

Na sake kira, layi a kashe. A WhatsApp ya toshe ni, shafin ya ɓace.

Yanzu wanda aka taɓa amfani da shi na saya, na Aisin, a wajen mai shagon da nake iya komawa in kama rigarsa, kuma da makanike muka je. A gabana aka ɗaga mota da jak, aka kai LOCK aka juya taya da hannu, shaf ya bi ta. Aka mayar FREE, taya ta juya shaf na tsaye. Gwajin bai kai minti biyar ba.

Sabon shafin nasa da wani suna yake, amma bidiyon dai shi ne, har da jar tabarmar da ya baza kwalayen a kai, kuma yanzu ya ƙara da cewa "saura guda shida". Jabun da ya karye yana nan rataye a garejin makanikena, duk mai son gani ya yi mini magana.