Wata huɗu ina shan koren shayi: tumbin yana nan, ni ma ina nan

Gaskiya don rage tumbi na fara shan koren shayi, irin na ƙunshi da ake tsomawa a kofi, sau uku a rana. Yau wata huɗu ke nan, kilo ɗaya kacal na sauke, shi ma ina kyautata zaton barin sukari ne ya kawo shi, tunda ba na sa masa komai. Duk wanda ya ce maka zai narkar da kitse kana kwance, talla yake yi.

Makon farko na sha wuya. Da na tashi, ciki ba komai, sai in sheƙa masa tafasasshen ruwa in bar shi minti goma. Ɗaci kamar maɗaci, ga bauri yana kama harshe. Ran nan ban kai rabin kofi ba zuciyata ta fara tashi, yawu na taruwa a baki, sai da na zauna bakin gado na dafe ciki. Ashe laifina ne. Yanzu idan ruwa ya tafasa ina barin sa ya ɗan huce, in jiƙa minti 2 ko 3 in cire, kuma sai na ci wani abu. Tashin zuciyar bai dawo ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda yake wartsakar da ni ba tare da faɗuwar gaba ba. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin kofi ɗaya na shayin bai wuce kusan miligiram 30 ba, na gahawa kuwa ya kan ninka haka sau uku. Amma fa yana nan. Na sha da dare sau biyu, na kwana ina ƙirga rufin ɗaki.

Batun da ake yi cewa yana kare zuciya akwai ƙamshin gaskiya. Binciken da aka wallafa a 2006 kan mutum sama da 40,000 a Japan ya ga masu yawan shan sa sun fi ƙarancin mutuwa da ciwon zuciya, ko da yake alaƙa aka gani, ba a ce magani ba ne.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne jini. Shayin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka na daina kora abinci da shi, sai bayan awa guda. Mai ƙarancin jini, mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini ko na hawan jini, su fara jin ta bakin likita.

Ƙwayoyin da ake tatsa daga ganyen kam ban taɓa su ba. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 na EGCG, wani sinadari da ke cikin ganyen, a rana, ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi, na iya taɓa hanta. Shayin kansa ma na rage zuwa kofi biyu a rana, na ƙarshe kafin ƙarfe huɗu na yamma.