Ranar ruwa a Garwa: ƙailula ko shayi a zaure?

Tun da 'ya'ya suka watse, wannan na Yawunde, wancan na Duwala, tsararrakina ke yawan tambayata: idan hadarin Agusta ya haɗo da rana, a shige ɗaki ne ko a fito zaure?

Ƙailula ba ta cin ko dala. Ruwa na dukan kwano, iska mai sanyi na tasowa daga kogin Binuwai, babu mai buga ƙofa yana neman kuɗin makaranta. Bayan zafin Maris da Afrilu da ya hana mu runtsawa, wallahi wannan barci haƙƙinmu ne. Sai dai a saki gidan sauro, don damina lokacin zazzaɓi ce, kuma a tashi kafin la'asar. Wanda ya zarce, dare zai yi masa tsawo.

Shayi kuwa sai da gawayi, sukari da ganye, ga masara a gasa idan ta nuna. Yana taɓa aljihu, mai ciwon sukari kuma ya kiyaye. Ribarsa maƙwabcin da ruwa ya tsare, a sha hira har a ɗauke.

Wanda ya yi sammakon gona ko kasuwa, ƙailula ce tasa. Wanda shirun gidan ke damunsa, ya hura gawayi ya buɗe zaure.