Fitilar gudun yamma a hanyar karkara: wacce za ka saya?

Duk ƙungiyar masu gudun motsa jiki da ke fita da yamma ta bi hanyoyin ƙafa na karkara ta san ana fita da haske ne a dawo cikin duhu. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da ido zai daina ganin saiwar bishiya a kan hanya, a mafi yawan wurare bai fi rabin sa'a ba, a ƙarƙashin itatuwa kuwa duhun ya fi saurin rufewa. Sababbin shiga sukan ba da hankalinsu kacokan ga takalmi, ba sa tuna fitila sai ranar da suka ga suna lalube a bayan ayari. Ni a wurina fitila ce farkon abin saye.

Hasken waya a ajiye shi gefe. Da ƙyar yake kai lumen 50 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), ga shi yana cinye cajin da za a nema idan wani ya ɓata ko ya ji ciwo. Tocilar hannu tana lilo tare da hannunka, kuma ranar da ka yi tuntuɓe, hannun da za ka dafa ƙasa da shi ba a sake yake ba. Fitilar ƙugu ko ta ƙirji tana da abin yabo guda: haskenta daga ƙasa da ido yake fitowa, don haka duwatsu da ramuka suna yin inuwa, kana ganin tudu da kwari sosai. Sai dai ba ta bin inda ka waiga.

Fitilar goshi ce zaɓina, kuma ba kowace iri ba. Inda ka duba nan haske yake, ko kwana ce a gaba ko abokin gudu ne ya yi kira daga baya, hannuwanka biyu kuma a sake. Lumen 200 zuwa 400 sun wadatar a hanyar daji. Abin da ya fi yawan lumen muhimmanci shi ne yadda hasken yake bazuwa. Wadda ke tattara shi wuri guda kamar tsinin mashi za ta nuna maka bishiyar da ke can nesa, ta bar dutsen da ke gaban yatsanka cikin duhu. Nemi mai shimfiɗa haske a gaban ƙafa, wadda kanta ke lanƙwasuwa ƙasa ya tsaya inda ka ajiye shi. Ɗaura ta, ka yi tsalle a wuri guda: in tana dukan goshi ko tana zamewa, ajiye ta. Idan ta yi nauyi, gara mai batir a ƙeya. A duba alamar IPX4, wato tana jure yayyafi da gumi. IPX7 kuwa tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ina kuma son wadda ake cire batirinta, irin Actik Core ta kamfanin Petzl na Faransa, mai karɓar batirin caji ko ƙananan batura uku na AAA. Black Diamond da Fenix da Silva su ma suna da nagartattu.

A gudun taro akwai abin da ba a rubutawa a kwali. Idan na bayanka ya fi ka haske, inuwarka ce za ta faɗo daidai inda za ka taka. Shi ya sa nake son fitilar da ake rage ƙarfinta da dannawa ɗaya, da kuma jan haske na lokacin da aka tsaya jiran na baya, don kada ka kashe wa mutane ido kuna hira.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne ko hasken yana ɗorewa. Wata fitila da na saya ta intanet ta taɓa dusashewa muna tsakiyar gangara mai tsakuwa, ba gargaɗi ba komai, sai da wani ɗan ƙungiya ya rage gudu na bi haskensa har bakin titi. Ma'aunin ANSI FL1, wanda aka fitar a Amurka a 2009, yana lissafa daɗewar fitila har zuwa lokacin da haskenta ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Ke nan awa shida a kwali ba ya nufin awa shida na cikakken haske. Nemi wadda kamfaninta ya nuna haskenta yana tsayawa daidai, wadda kuma take ƙiftawa kafin caji ya ƙare.

Wannan ma a wajen kamfanoni masu gaskiya ke nan. 'Yan jabu ba ruwansu da wani ma'auni. Za ka ga 'yar fitilar roba an rubuta mata lumen 10,000, wani lokaci har 90,000, alhali ƙwan halojin na fitilar mota bai cika wuce lumen 1,500 ba. Ƙarya ce tsagwaronta. A batir abin ya fi muni. Batirin caji samfurin 18650, wanda fitilu da yawa ke amfani da shi, in na gaske ne, irin na Panasonic ko Samsung ko LG, ƙarfinsa yana tsayawa ne wajen 3,500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), nauyinsa kuma kusan giram 45 zuwa 50. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 mAh na bogi ne. Ɗora shi a sikeli, sau da yawa za ka tarar ba ya da nauyi. An sha fasa irinsu a samu ɗan ƙaramin batir a ciki, wasu kuma tsofaffin baturan kwamfuta ne aka sake wa riga. Irin waɗannan suna iya yin zafi har su kama wuta wajen caji, kai kuma a kanka za ka ɗaura su. Sunan babban kamfani a jikin kaya ma ba hujja ba ne, don shi ma kwaikwayonsa ake yi. Duba rubutun kwali ko akwai kuskure, ka tambayi takardar garanti, ka guji mai sayarwar da ba ya karɓar kaya idan an mayar.

Duk wadda ka saya, kada ranar fita ta zama ranar gwaji. Cika ta da caji, ka kunna ta a matsakaicin haske a ɗaki mai duhu, ka bar ta tsawon lokacin da ƙungiyarku ke ɗauka a hanya da ƙarin rabin sa'a. In ta dusashe kafin nan, mayar da ita.