Na sayi Romeo da Juliet bugun da ke da bayani a gefe, ga yanda na same shi

Wata uku kenan da na yi odar littafin nan a intanet, yanzu na karanta shi sau biyu shi ya sa na ga gara in zo in faɗi abin da na gani ko zai amfani wani mai niyyar saye. Wasan kwaikwayo ne na Shakespeare, bugun da na saya kuma irin wanda rubutunsa yake a shafin dama, bayanin kalmomi da abin da suke nufi kuma a shafin hagu, sannan kowace fitowa an sa mata taƙaitaccen bayani a sama kafin ka shiga cikinta. Wannan tsarin shi ne abin da ya cece ni gaskiya, domin Turancin wajen shekarar 1595 ba irin wanda muka sani ba ne, wata kalmar ka rantse ka san ta sai ka duba hagu ka ga ashe a wancan zamanin wata ma'ana daban gare ta. Da can na taɓa gwada wani bugun da ya tara bayanan duka a ƙarshen littafi, ko kashi na ɗaya ban gama ba na ajiye saboda juye-juyen shafi.

Bari in fara da abin da bai min daɗi ba in wuce. Rubutun bayanin ƙanana ne sosai, da daddare sai ka matso da fitila kusa. Takardar ma siririya ce har kana hango rubutun bayanta. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɗaurin, gam ɗin ba shi da ƙarfi, a karatu na biyu shafuka huɗu suka cire daga tsakiya daidai kashi na uku. Sannan duk inda mai rainon Juliet ko Mercutio abokin Romeo suka yi maganar batsa sai masu bayanin su yi ta kewaye-kewaye, wani wajen ma su tsallake, to in dai za ka yi wa mutum bayani ai ka yi masa duka ya san irin halin mutanen da yake karantawa.

Toh amma abin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba shi ne maganar auren. Ni kamar kowa na taso ina jin sunan Romeo da Juliet a matsayin labarin soyayya, wai masoya biyu da iyayensu suka hana su aure suka kashe kansu. Wallahi da na karanta a natse sai na ga babu inda iyayen suka hana, domin ba su ma sani ba. Har Juliet ta mutu ubanta bai taɓa jin cewa tana da miji ba, sai a bakin kushewa Fada Laurence, limamin cocin da ya ɗaura musu auren, ya buɗe baki ya faɗa, lokacin gawarwaki na kwance. Wannan abu ya tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Ku duba yanda abin yake. Gidan Montague (gidan su Romeo) da gidan Capulet (gidan su Juliet) a garin Verona na Italiya suna da tsohuwar gaba, kuma tun daga farkon wasan har ƙarshensa ba wanda ya faɗi mafarin gabar, ko tsofaffin gidan ba su ambata ba. Wasan ma da barori ya fara, su ne suka tsokano faɗa a titi a kan rigimar da ba tasu ba, har Yarima Escalus ya fito ya ce karo uku kenan ana tada hankalin gari, duk wanda ya sake to a bakin ransa. A cikin wannan yanayi Romeo ya shiga liyafar gidan Capulet da fuska a rufe daren Lahadi, suka ga juna, ranar Litinin da rana an ɗaura aure. Kwana ɗaya fa! Kuma Juliet ce ta fara kawo maganar aure, ta ce in da gaske yake to ya aiko mata da lokaci da wurin da za a ɗaura. Yarinyar da ko shekara 14 ba ta cika ba, sai daren 31 ga Yuli za ta cika, mai rainonta ta lissafa shekarun da girgizar ƙasar da aka yi shekara 11 baya ranar da ta yaye ta.

Anan ne bayanin littafin ya yi min rana. Da na yi zaton ko a wancan lokacin haka ake aurar da yara a Ingila, ashe a'a, dokar coci ta yarda da shekara 12 ga mace 14 ga namiji amma yawancin mutane sai sun kai ashirin da wani abu suke aure, kenan masu kallon wasan a Landan su ma sun ga ƙanƙantar Juliet. Kuma Shakespeare da gangan ya rage mata shekaru, a waƙar Arthur Brooke ta 1562 inda ya ɗauko labarin ta kusa 16, kuma can abin ya ɗauki watanni, shi kuma ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar. Brooke a gabatarwarsa ɗora wa masoyan laifi ya yi kai tsaye, wai sun yi watsi da iyaye sun bi son zuciya. Shakespeare bai yi wannan wa'azin ba, ya bar ka da mutanen ka yi hukunci da kanka. Sun kuma yi bayanin cewa a tsohuwar dokar coci yardar mace da namiji ita ce ke ƙulla aure ko da iyaye ba su sani ba, abin ya yi ta jawo rigingimun gado da na dangi har taron manyan cocin Katolika a garin Trent a 1563 ya ce dole sai gaban fada da shaidu. A Ingila kuwa sai dokar 1753 aka toshe ƙofar auren ɓoye sosai. Shi kansa Shakespeare yana ɗan shekara 18 ya yi aure a 1582, shekarun da sai da yardar uba. Da na san waɗannan sai na gane dalilin da ya sa Juliet ta kasa auren Paris, mutumin da ubanta ya zaɓa mata, ba taurin kai ba ne kawai, matar aure ce a gaban Allah a imaninta, in ta yarda ta yi aure kan aure.

Fitowa ta biyar a kashi na uku ita ce ta fi taɓa ni, kuma ita ce shafukanta suka cire, a hannu na riƙe su ina karantawa wajen ƙarfe ɗayan dare. Romeo ya fita ta taga da asuba zai tafi garin Mantua saboda an kore shi daga gari bayan ya kashe Tybalt ɗan kawun Juliet, ko gadon bai huce ba uwarta ta shigo da albishir wai ranar Alhamis za a ɗaura mata aure da Paris. Uban nan da a farkon wasa ya ce wa Paris ya bari a ƙara shekara biyu, ya je ya nemi soyayyarta tukuna domin yardarsa ɓangare ce kawai ta yardarta, shi ne yanzu yake zaginta yana cewa hannunsa na ƙaiƙayi, in ba ta je coci ba ta fita ta yi bara ta mutu a titi ba ruwansa. Ta durƙusa tana roƙo a saurare ta ko kalma ɗaya. Ta juya wajen uwa, uwa ta ce kar ki min magana na gama da ke. Ta juya wajen mai raino, matar da ta shayar da ita, wadda ta kai saƙo ta kawo saƙo har tsanin igiya ita ta ɗauko, sai matar nan ta ce ai kawai ki auri Paris ya fi Romeo. Na ajiye takardun na yi shiru. A cikin ɗakin nan akwai babba guda da ta san gaskiya kuma ba ta faɗa ba.

Ni dai a karatuna manya biyun nan, mai raino da Fada Laurence, laifinsu ya fi na yaran nauyi. Fada ya ɗaura auren ne da niyya mai kyau, ya ce ko Allah zai sa ya zama sanadin sulhu tsakanin gidajen biyu, to amma auren da ba wanda ya sani ta yaya zai sulhunta mutane? Ranar da ya kamata ya je ya sami Capulet ko Yarima ya ce ni na ɗaura, sai ya koma haɗa wa Juliet maganin barci na awa 42 don a zaci ta mutu, da rubuta wa Romeo wasiƙar sanar da shi shirin. Wasiƙar kuma ba ta isa ba saboda an killace Fada John da aka ba ya kai ta a wani gida ana zargin annoba, Balthasar baran Romeo ya riga shi kai labarin cewa Juliet ta mutu, Romeo ya sayi guba da tsabar zinare (ducat) 40 a hannun wani matalaucin mai magani duk da cewa sayar da ita hukuncin kisa ne a Mantua. A kushewar ma da ya ji motsin masu gadi Fada gudu ya yi ya bar yarinyar ita kaɗai da gawar mijinta. Ba na wanke Capulet, ko kusa, domin gidan da ɗiya ke tsoron faɗa wa ubanta gaskiya har ta gwammace a binne ta da rai to akwai matsala a gidan tun kafin Romeo ya zo, kuma shi ne ya matso da bikin daga Alhamis zuwa Laraba don murna, wanda hakan ya ƙara rikita shirin. Mutum shida suka tafi, Mercutio, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe, ita mutane ma mantawa suke da ita.

Wani abin da na so a ce sun yi kuma ba su yi sosai ba, wasan an fara buga shi a 1597 sannan aka sake wani bugu mafi tsawo a 1599, kuma akwai bambanci tsakaninsu, gabatarwar ta ambata amma a cikin rubutun ba ko'ina suka nuna maka wane layi daga ina ya fito ba. Ga ɗalibin da zai rubuta jarrabawa wataƙila ba damuwa, ga mai son bin diddigi zai buƙaci wani bugun da ya fi wannan zurfi. Kuma shawarata kar ka fara da gabatarwar, doguwa ce kuma za ta cika maka kai da ra'ayin wasu, ka karanta wasan tukuna ka dawo mata daga baya.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan ɗaurin ne ya cinye. In za ka saya ka nemi mai bango mai tauri in akwai, in kuma mai laushi ka samu to kar ka dinga naɗe bangon baya kana karatu kamar yanda na yi. Nawa na manne shafukan da salatif, yanzu yana hannun ƙanwata, ta kai kashi na biyu jiya ta kira ni tana tambaya wai me ya sa Fada bai ce su jira ba.