Teburin zane irin na masu manga: takarda ko allon kwamfuta, wanne ya kamata ka saya?

In ka taɓa kallon shirin Manben na tashar NHK ta Japan, wanda mai zane Naoki Urasawa yake gabatarwa, inda ake kafa kyamarori a kan teburin masu zanen manga, wato labaran zane na Japan, suna tsaka da aiki, za ka ga yawancin teburan ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwalbar tawada nan, tsumman goge alƙalami can, fitila ta sunkuyo a kai, shi ke nan. Shi kansa Osamu Tezuka, shahararren mai zanen manga, a 1953 ɗan ƙaramin ɗaki ya kama a gidan Tokiwa-so da ke Tokyo, da zai tashi ma teburinsa ya bar wa su Fujiko Fujio, wasu matasa biyu masu zane, suka ci gaba da zane a kai.

To mu fara da takarda. Shafin da ƙwararru suke zana manga a kai B4 ne, milimita 257 da 364, ya fi A4 ɗin da muka saba da ita girma sosai, saboda haka duk teburin da za ka saya ka tabbata zai ɗauki shafin har a samu wurin ajiye gwiwar hannu da kayan aiki. Tebur mai karkata ya fi sauƙi ga wuya, amma fa kwalbar tawada ba ta zama a kan gangara, ranar da ta kife a kan shafin da ka kwana biyu kana yi za ka gane. Ni dai na fi son tebur shimfiɗaɗɗe, sai ka sa kafinta ya yi maka allo mai ɗan tudu ka ɗora, tawada tana gefe abinta. In za ka haɗa da allon haske na kwafar zane, sayi A3, don A4 ba zai ɗauki B4 ba, mutane da yawa nan suke asarar kuɗi. Alƙalami kuwa G-pen na Zebra ko Nikko, yana buɗewa in ka danna layin ya yi kauri, sai maru-pen don gashi da ƙananan layuka. Matsalar ita ce takardar inuwa mai ɗigo-ɗigo da ake yankawa da wuƙa a manna, tana ƙarewa, kuma samunta a wajen Japan aiki ne.

A nan allon zane na kwamfuta ya yi wa takarda fintinkau. Manhajar Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys tana da inuwar nan a ciki, ba ka sayen ko ɗaya. A cikin irin waɗannan allunan, Wacom Cintiq shi ne wanda aka fi sani, tsada gare shi, kuma sai da kwamfuta da wuta, ka ga in NEPA ta ɗauke kai ma ka tashi. Huion da XP-Pen sun fi araha. iPad yana da batir, a gado ma sai ka yi zane, illa dai fuskar tana da santsi sai ka manna mata leda mai kaushi. Akwai kuma wanda ba shi da fuska, hannu a ƙasa ido a kan kwamfuta, shi ne mafi sauƙin kuɗi amma sai ka yi haƙuri kafin hannunka ya saba.

In da ni ne da kuɗi kaɗan, allon kafinta zan yi, in sayi fitila mai caji, ragowar kuma in zuba a kujera mai kyau, don masu zane a mujallar manga ta Weekly Shonen Jump shafi kusan 19 suke fitarwa duk mako kuma a zaune ake yin sa, baya ne yake fara kuka.