Wardi, cakulan ko kati: wanne ya cancanci kuɗinka a Ranar Masoya?

Ranar 14 ga Fabrairu al'adar Turai ce, ta ɗauki sunan wani waliyyin Kiristoci, Valentine, da aka kashe a Rum a ƙarni na 3. Malamai da dama a wajenmu suna hani da bikinta, kowa kuma ya san inda ya tsaya. Maganata da maigidan da ya yi niyyar faranta wa matarsa rai ne, ko a ranar ko a wata, ga kuma kantuna sun cika da jajayen kaya.

Jan furen wardi shi ne tambarin ranar, shi ne kuma ya fi saurin cinye kuɗi. Da yawa daga wanda Turawa ke saya a gonakin bakin tafkin Naivasha na Kenya ake yanko shi, a kai shi ta jirgi cikin sanyi, farashinsa kuwa yakan hau a wannan makon. A busasshiyar iskar ƙarshen hunturu ba ya daɗewa. In har ranka ya biya, zaɓi wanda bai gama buɗewa ba, ka ɗan matsa gindin furen. In ya yi laushi, ya kwana biyu, bar musu kayansu. A gida a yanke ƙasan karan a karkace, a tsoma a ruwa, a ajiye a inuwa.

Cakulan ya fi buƙatar lura. Kwalin nan mai siffar zuciya kamfanin Cadbury na Ingila ne ya yayata shi tun ƙarni na 19, Ghana ma ta mayar da ranar ta zama ta cakulan don tallata kokonta. Kada kyan kwali ya ruɗe ka, juya bayansa ka karanta. Na kirki da man koko ake yinsa, mai araha kuwa sau da yawa man ja da sukari ne suka fi yawa a ciki. Wasu na ƙasashen waje akwai giya a tsakiyarsu, wannan kam wajibi ne Musulmi ya duba. Sannan zafin jiki kaɗai na narkar da shi, balle wanda ya wuni a mota. Farin dusa-dusa a kansa alama ce ta ya taɓa narkewa ya sake daskarewa.

'Yar tsana mai laushi ba na ba da shawararta, ƙura kawai za ta tara.

Ni dai kati na fi so, muddin kai ka rubuta abin da ke ciki da hannunka, da harshen da kuke hira da shi. Sayi wanda cikinsa fari ne, ka haɗa da humra ko turaren wuta irin na Maiduguri, wanda ka san tana so. Turaren zai kai ta watanni, katin kuma a ƙasan akwati za ta adana shi.